Gemu a Ajin Hasashe

Shekara arba'in a wurin Bahaushe mizani ce ta cikar hankali, kuma wanda ya kai ta ana sa ran ya riga ya zauna daram a kan sana'a guda, ya san ƙofofinta da ramukanta, har ana turo masa yara domin ya koya musu. Saboda haka idan aka ji malamin sakandare ko ma'aikacin banki ko malamin gona mai waɗannan shekaru ya ajiye aikinsa, ko ya nemi hutun ƙaro ilimi, domin ya je ya karanta ilimin yanayi, wato nazarin iskar da ta lulluɓe duniya da abin da ke faruwa a cikinta na zafi da sanyi da hadari da ruwa, jama'a kan rabu biyu wajen yanke masa hukunci. Masu kyautata zato su ce ai gemu ba ya hana ilimi, masu taka-tsantsan kuwa su tuna masa cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowane ɓangare ya taɓo rabin gaskiya, domin wannan fanni yana neman abu biyu daga ɗalibinsa: na farko lissafi, wanda ya fi saurin kama ƙwaƙwalwar matashi, na biyu kuma iya faɗa wa mutane abin da ba a tabbatar ba ta yadda za su amfana da shi, wanda ba kasafai ake samunsa ba sai an kwana biyu a duniya.

Ana cewa ya koma makaranta, amma ajin da zai shiga ba shi ne wanda ya baro shekara ashirin da suka wuce ba. A ƙasar Hausa zaman babba gaban malami ba baƙon abu ba ne: makarantun zaure cike suke da dattawa masu furfura da ke bin littattafan fiƙihu da nahawu baƙi bayan baƙi har ƙarshen rayuwarsu, kuma gangamin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya zaunar da dubban magidanta a kan tabarma suna koyon karatun boko ba tare da an ɗauki hakan abin kunya ba. Sai dai a zaure shekaru daraja suke ƙara wa ɗalibi, shi ke zaɓen littafinsa, yana tafiya gwargwadon ƙarfinsa, babu ranar jarrabawar da za ta tsare shi. Jami'a kuwa ba ruwanta da gemu. Tana da jadawali da maki da wa'adi, malamin da ke gaban allo yana iya zama sa'an ƙanensa, kuma yaran da ke kewaye da shi sun taso da kwamfuta a hannu, suna rubuta mata umarni cikin harsunanta irin su Python, alhali shi abin da ya sani da ita bai wuce buga wasiƙa da haɗa rahoton ofis ba.

Lissafin da ake magana a kai ya wuce ƙidayar kwanakin damina. Tun a 1904 masanin kimiyyar nan ɗan ƙasar Nowe, Vilhelm Bjerknes, ya bayyana cewa sanin yanayin gobe matsala ce da ake warwarewa da alƙalami: idan an san halin da iska take ciki yanzu a ko'ina, aka kuma san dokokin da take bi ba ta saɓawa, to ana iya lissafo halin da za ta shiga nan gaba. Halin nan adadi bakwai ne ke bayyana shi a kowane wuri, wato matsin iska, ma'ana nauyin da take dannawa a kan abin da ke ƙarƙashinta, da zafinta, da kaurinta, da danshin da ta ɗauko, da saurin tafiyarta ta fuskoki uku, gabas da yamma, kudu da arewa, sama da ƙasa. Ɗalibi ba zai iya haɗa waɗannan ba sai ya ƙware a kalkulas, lissafin da ke auna yadda abu yake canzawa daga wuri zuwa wuri ko daga lokaci zuwa lokaci, sai kuma ya san kimiyyar zafi, wadda ke bayyana dalilin da ya sa iskar da ta tashi sama take buɗewa ta yi sanyi, har a matsakaici zafi yakan ragu da kimanin digiri 6.5 a kowace kilomita guda da aka hau. Daga nan zai gane cewa tururin da ke cikin iskar yakan koma ɗigon ruwa idan sanyi ya kai wani haddi, kuma a lokacin komawar yakan saki zafin da ya haɗiye sa'ad da ya tashi daga teku, zafin da ke ƙara ingiza girgije sama har kansa ya kai kilomita 15 ko fiye. Zai kuma koyi yadda juyawar duniya ke karkatar da iska mai tafiya zuwa dama a arewacin duniya, zuwa hagu a kudancinta, da yadda karkatarwar take raunana idan an kusanci tsakiyar duniya, abin da ya sa dabarun hasashe da aka gina a Turai ba sa cin nasara yadda ake so a Afirka ta Yamma.

Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, wadda aka kafa a 1950 take kuma da mazauni a Janiba, ta raba ma'aikatan fannin gida biyu, ta tsara wa kowane gida abin da dole ya karanta. Akwai mai auna yanayi, wanda ke kula da na'urori, yana karanta ma'aunin zafi da na ruwa a kan lokaci, yana sakin balan-balan mai ɗauke da na'ura zuwa sama, yana aika rahoto; akwai kuma masanin yanayi, wanda ake so ya zo da karatu mai ƙarfi a lissafi da fiziks kafin a ɗora masa ilimin fannin, shi ne kuma ke zama ya fitar da hasashe. Ya kamata mai sauya sana'a ya san wanne yake nema tun kafin ya sayi takardar neman gurbi, domin son kallon gajimare da jin daɗin ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, duk da kyawunsu, ba sa cin jarrabawar ko ɗaya daga cikin biyun.

Akwai abin ƙarfafa gwiwa a tarihin fannin, domin da yawa daga waɗanda suka aza harsashinsa daga wata sana'a suka shigo, kuma ba da ƙuruciya ba. Robert FitzRoy, wanda aka haifa a 1805, hafsan sojan ruwan Ingila ne, shi ne kyaftin ɗin jirgin Beagle da ya zaga duniya da Charles Darwin tsakanin 1831 da 1836, ya kuma yi gwamnan Niyu Zilan kafin a naɗa shi a 1854, yana dab da shekara hamsin, shugaban wani ƙaramin ofishi da aka buɗe domin tattara bayanan yanayin teku, ofishin da daga baya ya zama hukumar yanayi ta Birtaniya. Gilbert Walker malamin lissafi ne a Kambirij, bai taɓa aikin yanayi ba sa'ad da aka ɗauke shi zuwa Indiya, inda ya shugabanci ma'aikatar yanayi daga 1904 zuwa 1924, ƙasar tana ɗauke da tabon yunwar 1899 da rashin ruwan damina ya jawo. A can ya gano cewa matsin iska a gabashin tekun Pasifik da na yammacinsa suna hawa da sauka a saɓanin juna, binciken da ya zama ginshiƙin fahimtar abin da yau ake kira El Nino. Bjerknes kansa ya haura hamsin lokacin da ya je birnin Bergen a 1917 ya kafa makarantar da ta sauya yadda ake karanta taswirar yanayi. (Har akwai wanda ya bi hanyar a juye: Lewis Fry Richardson, wanda littafinsa na 1922 ya nuna yadda za a lissafo yanayi da adadi zalla, ya bar hukumar yanayi a 1920 saboda an mayar da ita ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da sojan sama, shi kuwa aƙidarsa ta hana shi taimaka wa yaƙi, daga baya ya koma ɗalibi ya yi digiri a ilimin halayyar ɗan'adam a 1929.) Amma kada a ɗora wa waɗannan misalai kayan da ba za su iya ɗauka ba. A zamaninsu kusan babu makarantar yanayin da za a koma, kuma kowannensu ya shigo da lissafinsa a aljihu. Ƙofar da suka bi ta rufe. Wanda ya zo yau takardar shaida za a fara tambayarsa.

Makarantun ba su yi wa Bahaushe nisa ba. Jiragen sama ne suka fara kawo su, domin matuƙi ba ya tashi ba ya sauka sai da rahoton yanayi, kuma tun 1963 akwai makarantar EAMAC a Yamai, wadda ke horas da ma'aikatan yanayi da na filayen jiragen sama. Sai farin da ya auka wa yankin Sahel daga ƙarshen shekarun 1960, ya tsananta a 1972 da 1973, ya ƙarar da garkunan dabbobi ya tashi ƙauyuka, ya juyo da hankalin fannin daga filin jirgi zuwa gona: ƙasashen yankin suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari ta CILSS a 1973, a shekara mai zuwa kuma aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai domin ta haɗa ilimin noma da na ruwa da na yanayi a rufi guda. A Najeriya hukumar yanayi ta NiMet, wadda doka ta kafa a 2003, tana da cibiyar horaswa a Oshodi ta Legas da kuma wata a Katsina, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure kuwa ta daɗe da sashen ilimin yanayi.

Idan ɗalibi ya tsallake siradin lissafi, sai ya tarar da kalmar da zai rayu da ita har ƙarshen aikinsa, wato hasashe. A bakin jama'a kalmar ba ta da nauyi: da ita ake faɗin wanda zai ci zaɓe da ƙungiyar da za ta ɗauki kofi, tana zaune kusa da kirdado da kintace da zato, kuma duk maganar da aka ce hasashe ce an rage mata daraja ke nan. Ta ɗaya gefen kuma tana maƙwabtaka da duba, aikin boka da mai buga ƙasa, wanda addini ya yi hani da shi. Masanin yanayi yana tsaye tsakanin waɗannan biyu, idan ruwan da ya ambata ya ƙi zuwa a ce ya faɗi abin da bai sani ba, idan ya zo kuma a ce ya yi shisshigi cikin gaibu. Matsalar ba ta tsaya ga Hausawa ba. FitzRoy ya fara aika gargaɗin guguwa zuwa tashoshin jiragen ruwa a 1861, bayan guguwar Oktoban 1859 da ta farfasa jirgin Royal Charter ta hallaka mutum fiye da 400, kuma ranar 1 ga Agustan 1861 jaridar The Times ta buga hasashensa na farko ga jama'a. Ya yi ta nanata cewa abin da yake fitarwa ra'ayi ne da aka gina a kan awo da lissafi, bai taɓa da'awar annabci ba, duk da haka aka mayar da shi abin ba'a a jaridu, wasu masana suka ce ya wuce gona da iri, kuma bayan mutuwarsa a 1865 aka dakatar da hasashen na tsawon shekaru.

A ƙasar Musulmi tambayar ta fi haka zurfi, domin ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta ambaci saukar da ruwa cikin abubuwa biyar da Allah Ya keɓanta da su, kuma akwai hadisi sananne da ya tsawatar a kan jingina ruwan sama ga tauraro. Malamai tun da daɗewa sun bambanta tsakanin ƙudurta cewa tauraro ne ke kawo ruwa, wanda suka haramta, da ɗaukar fitowarsa alamar lokacin da aka saba samun ruwa, wanda suka halatta, kuma a kan wannan bambanci ne malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna ƙidaya wa manoma taurari 28 na shekara, kowanne da kimanin kwana 13. Hasashen zamani a gida na biyu ya faɗo, domin karatun sababai ne da aka riga aka gani aka auna. Sai dai matashi ɗan shekara ashirin da biyu idan an jefa masa wannan tambaya a majalisa ana iya yin dariya a wuce, magidanci mai sahu a masallaci kuwa da gaske ake yi masa ita, ana jiran amsa, kuma amsar da ya bayar tana iya buɗe kunnen unguwa guda ko ta toshe shi.

Abin da zai taimake shi shi ne ilimin da kansa ya shata wa kansa iyaka. A 1963 Edward Lorenz na Amurka ya nuna cewa kuskure komai ƙanƙantarsa a awon farko yakan yi ta girma cikin lissafi har ya lalata sakamakon, saboda haka faɗin yanayin wata rana takamaimai ba ya wuce kimanin mako biyu ko da kuwa an tara duk kwamfutocin duniya. Wannan ne ya sa manyan cibiyoyi ba sa lissafa hasashe sau ɗaya. Sukan maimaita shi kimanin sau hamsin, kowane karo da ɗan bambanci a mafari, sannan su ƙidaya sakamakon. Idan 35 daga cikin 50 suka ba da ruwa, sai a ce yiwuwar ruwa kashi 70 ce cikin ɗari. Maganar gaskiya a wannan sana'a da kashi ake yin ta, kuma wanda ya saba a ofis ko a gida idan ya yi magana ta zauna, sai ya koyi sabon harshe wanda kowace jimlarsa ta bar wa saɓani ƙofa.

A nan ne shekarun babba suka fara biyan kuɗinsu. Ya shigo aji da daminu arba'in a ƙwaƙwalwarsa, da harshen da ya raba shekara zuwa bazara da damina da kaka da hunturu, ya bambanta yayyafi da marka, ya san hadarin da ya haɗu da wanda iska ta watsa, ya kuma san cewa hadarin gabas shi ne abin shiga da shanya. Malaminsa zai bayyana masa cewa iska biyu ke ja-in-ja a kan Afirka ta Yamma, ɗaya mai danshi daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma, ɗaya busasshiya daga Sahara ta arewa maso gabas, kuma layin da suke haɗuwa yakan yi ta hawa arewa daga farkon shekara har ya kai kusan digiri 20 arewa da tsakiyar duniya a watan Agusta, sannan ya juyo. Idan layin yana kudu da gari, hunturu ne ko zafin bazara, kuma ƙurar da ke rufe Kano da Damagaram kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Idan ya wuce gari da nisa zuwa arewa, iska mai danshi ta yi kauri, damina ta zauna. Sai tambayar da ɗan ƙauye zai fi kowa saurin yi: in danshi daga kudu maso yamma yake zuwa, me ya sa hadari ke ɓullowa ta gabas? Amsar ita ce a tsayin kilomita uku zuwa huɗu akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, wadda bambancin zafin Sahara da sanyin kudu ke haifarwa, ita ce ke tuƙa hadari. Gizagizan sukan taso da yammaci, sau da yawa a kan tuddai irin na Jos da Azbin da Darfur, su jeru a layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita, su nufo yamma da gudun kimanin kilomita 50 a awa, guguwar ƙura tana gabansu, kuma mafi yawan ruwan da Sahel ke samu daga irin wannan jeri yake. Matashi haddace wannan zai yi domin jarrabawa, babba kuwa tuna shi zai yi, domin ya sha tsayawa a ƙofar gida yana kallonsa. Amma tunawa tana da nata sharri: ƙwaƙwalwa shekarar ambaliya da shekarar yunwa take riƙewa, ta zubar da sauran, shi ya sa fannin ba ya yarda da “yadda aka saba” sai an auna shekara talatin a jere, kamar daga 1991 zuwa 2020, da milimita, wadda kowace guda take daidai da lita ɗaya ta ruwa a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya.

Ruwan shuka shi ne inda harshen gona da na makaranta suka fi gwabzawa. Manomi yakan tona ƙasa bayan ruwa ya ga zurfin da danshi ya kai, ya ƙidaya wata, ya tuna bara, sannan ya yanke shawarar fito da iri. Wani ma ba ya jira, binne yake yi, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa ya bar wa ruwan farko sauran aiki. Masanin nan M. V. K. Sivakumar, wanda ya yi aiki a cibiyar ICRISAT da ke kusa da Yamai, ya ba wannan lokaci ma'ana ta adadi a 1988: damina ta kama a ranar da, bayan 1 ga Mayu, aka tara ruwa milimita 20 cikin kwana uku a jere, muddin ba a sami ɗaukewar da ta wuce kwana bakwai ba cikin kwana talatin da suka biyo baya. Ma'anar ta yi wa mai bincike daidai, amma sharaɗinta na biyu ba ya tabbata sai bayan wata guda, lokacin da irin ya riga ya kama ko ya ƙone. Manomi kuwa yau yake son amsa, kuma sau da yawa irin da ke rumbunsa ba zai kai shuka biyu ba. Wanda ya yi shekaru yana malamin gona kafin ya zo wannan aji ya san abin da wannan tambaya ke ci, ya ga fuskar wanda ya sake shuka sau uku, don haka ba zai furta ranar kamawar damina da sakaci ba.

Haka abin yake ga hasashen damina gaba ɗaya. Tun daga 1998 masana yanayi na Afirka ta Yamma suke taruwa kowace shekara kafin ruwa ya sauka su fitar da matsaya guda, NiMet ma tana fitar da nata a farkon shekara, tana kuma fassara shi zuwa Hausa da wasu harsuna. Hasashen yankin gida uku yake raba damina, wadda ta fi yadda aka saba, da daidai, da wadda ta gaza, ya ba kowane gida kasonsa, a ce 45 da 35 da 20. Kafin wannan ya isa rediyo ya zama “bana za a yi ruwa da yawa”, kafin ya isa kasuwar ƙauye ya zama damina mai albarka, alhali yawan ruwa yana iya nufin ambaliya irin ta 2012, ko ta 2022 da ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, ko wadda ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau. Jimillar ruwan kuma ba ta faɗin yadda zai rarrabu, tunda damina tana iya cika ma'auni ta kuma ɗauke kwana ashirin daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Kashi 20 na ƙarshe kuwa babu mai ambatonsa, sai ranar da ya tabbata a ce masu hasashe sun yi ƙarya. Gyaran wannan ba aikin kwamfuta ba ne. Yana bukatar wanda ya san lissafin da ya haifi adadin, ya kuma san yadda mai sauraro ke jin magana, ya iya gaya wa mai fadama abu ɗaya, mai jigawa wani, makiyayi wani, ba tare da ya ƙara ko ya rage ba.

Akwai kuma darasin da ya fi ɗaci ga mai shekaru. Manyan kwamfutocin Turai da Amurka, waɗanda ke iya faɗin ruwan Landan kwanaki kafin zuwansa, suna da rauni ƙwarai wajen faɗin inda ruwan gobe zai sauka a Sahel, saboda hadarin yankin farat ɗaya yake tasowa, yana iya jiƙa wannan unguwa ya tsallake waccan, ga kuma ƙarancin tashoshin awo a nahiyar. Taurarin ɗan'adam na Meteosat, waɗanda aka fara harbawa a 1977, sun rage duhun, domin da su ana ganin jerin hadari tun yana Chadi a ƙiyasta lokacin isowarsa, amma wannan gargaɗin sa'o'i ne kawai. Saboda haka mai hasashe a wannan yanki zai yi kuskure a bainar jama'a, zai kuma maimaita, kuma kowace safiya ana ɗora abin da ya faɗa jiya a kan abin da ma'auni ya nuna. Sana'o'i kaɗan ne ke yi wa mai su hisabi da irin wannan sauri. Wanda ya kai matsayin da ƙananan ma'aikata ba sa iya ce masa ya yi kuskure zai ji zafin wannan fiye da zafin kalkulas, kuma wanda bai iya haɗiye shi ba gara ya zauna inda yake.

Sauran lissafin na aljihu ne, kuma ba shi da wuyar yi. Ma'aikacin gwamnati a Najeriya yawanci yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, don haka wanda ya gama sabon karatu yana da 45 abin da ya rage masa bai wuce shekara 15 ba, kuma in bai yi sa'a ba daga ƙasan tsani zai fara, da aikin dare a filin jirgi, da kuɗin makarantar yara da ba ya jiran kowa. Ga mace mai iyali nauyin ninki ne. Hanyar da ta fi hankali ita ce ɗora sabon ilimin a kan tsohuwar sana'a maimakon rushe ta: malamin gona ya nufi yanayin noma, ɗan jarida ya nufi gabatar da hasashe a rediyo da talabijin, ma'aikacin lafiya ya nufi alaƙar ƙura da zafi da ɓarkewar sanƙarau, injiniyan ruwa ya nufi gargaɗin ambaliya. A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki alƙawarin cewa kafin ƙarshen 2027 gargaɗin bala'i zai riƙa isa ga kowane mutum a duniya, kuma a yankin Sahel wannan alƙawari ba zai cika da na'urori kaɗai ba, sai da mutanen da jama'a ke sauraro. Ya dace jami'o'i da cibiyoyin horaswa su buɗe wa irin waɗannan ɗalibai shekarar share fage ta lissafi da fiziks, da karatun ƙarshen mako, su kuma sassauta sharaɗin shekaru inda yake akwai. Shi kuwa mai niyyar, kafin ya rubuta takardar ajiye aiki, ya nemo littafin lissafi da na fiziks na ajin ƙarshe na sakandare ya zauna da su damina guda, ya kafa ma'aunin ruwa a tsakar gidansa, ya riƙa rubuta hasashensa kowane dare yana gwada shi da abin da ma'aunin ya nuna da safe. In kaka ta zo bai gaji da ko ɗaya ba, ya je ya sayi takardar neman gurbi.